Darasi na Tara: Ƙera Sel ɗin Sola da Kayan Nano

Wanda ya tsaya kusa da farantin sola ya ƙura masa ido zai ga ba falle guda ba ne. Murabba'ai ne aka jera a ƙarƙashin gilashi, wasu shuɗaye, wasu baƙaƙe, da siraran layuka masu launin azurfa sun ratsa su. Kowane murabba'i shi ake kira sel, kuma a cikinsa ne hasken rana ke zama lantarki. Gilashin da ƙarfen gefen da akwatin wayoyin da ke baya, duk aikinsu kare sel ne da fitar da wutarsa waje.

Shuɗin nan da kuke gani ba fenti ba ne. Silikon ɗin da aka yi sel da shi ruwan toka ne mai sheƙi. Launin ya fito ne daga wata shimfiɗa da aka yi masa a fuska, wadda kaurinta bai wuce nanomita 80 ba. A kan irin waɗannan ƙananan abubuwa darasinmu na yau zai tsaya: yadda ake ƙera su, ribar da ke cikin ƙanƙantarsu, da kuma matsalar da ƙanƙantar take jawowa.

Mene ne nanomita?

Ku ɗauki mita ɗaya ku raba ta gida dubu, kun sami milimita, wato ƙananan zanen da ke jikin rula. Ku raba milimita gida dubu, kun sami maikromita. Ku sake raba maikromita gida dubu, to kun iso nanomita. A taƙaice, mita ɗaya tana ɗauke da nanomita biliyan ɗaya. Silin gashin kan mutum yakan kai kaurin nanomita 80,000. Abin da masana ke kira kayan nano shi ne duk abin da tsawonsa, ko faɗinsa, ko kaurinsa ya faɗa tsakanin nanomita 1 zuwa 100. Zai iya zama gari, ko zare, ko shimfiɗa.

Me ya sa ake wannan wahala? Duk macen da ta taɓa jiƙa kanwa ta san amsar farko: dunƙulalliya takan daɗe a ruwa, dakakkiya kuwa nan da nan ta narke, alhali nauyinsu ɗaya. Abin da ya bambanta su shi ne yawan fuskar da ruwa ya samu ya taɓa. Bari mu yi lissafin. Ɗan dunƙule mai santimita ɗaya ta kowane ɓangare yana da fuska shida, jimillarsu murabba'in santimita 6. Idan aka yanyanka shi zuwa ƙwayoyi masu nanomita 10, ba a ƙara masa komai ba, ba a rage ba, amma jimillar fuskokinsa za ta kai murabba'in mita 600. Ku riƙe wannan lissafi da kyau, domin kusan duk abin da zai biyo baya daga gare shi ya samo tushe.

Amsa ta biyu ta fi ban mamaki. Idan abu ya yi ƙanƙanta ƙwarai, ɗabi'arsa kanta takan canza, har launinsa. Za mu zo kanta.

Yadda sel ke aiki, da yadda aka saba ƙera shi

Hasken rana yana zuwa ne ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi da nasa ƙarfi. Na shuɗi ya fi na ja ƙarfi, na ja kuma ya fi wanda ido ba ya gani, wanda muke ji a jiki a matsayin ɗumi. Idan ƙunshin haske ya faɗa kan silikon, yakan tunkuɗe wata ƙwayar lantarki da ake kira elektron daga mazauninta. Aikin sel shi ne ya hana elektron ɗin komawa inda ya fito, ya tilasta masa bin waya, ya kunna ƙwai ko ya cika batir, sannan ya dawo ta ɗaya wayar. Don a samu haka, ana sa wa ɓangare ɗaya na silikon ɗan sinadarin boron, ɗaya ɓangaren kuma fosforos. A inda ɓangarorin biyu suka haɗu ne ake samun ƙarfin da ke kora elektron gefe guda. Sel ɗaya ba ya ba da fiye da bolt 0.6 zuwa 0.7, shi ya sa ake jera su da yawa.

Wani matashi Bafaranshe, Edmond Becquerel, shi ya fara lura cewa haske na iya haifar da lantarki, a 1839, yana ɗan shekara 19. Amma sai a 1954 aka samu sel na silikon mai amfani, a ɗakin gwaje-gwajen Bell da ke Amurka, ta hannun Daryl Chapin da Calvin Fuller da Gerald Pearson. Nasu yana mayar da kashi 6 cikin ɗari na hasken da ya faɗa masa zuwa lantarki. Wannan kason shi za mu riƙa kira inganci. Farantan da ke kasuwa yau ingancinsu yana kai-komo tsakanin 20 da 23.

Silikon kuwa daga farin dutsen kwaz ake samo shi, kuma hanyarsa wuta ce tun daga farko har ƙarshe. Ana haɗa dutsen da gawayi a cikin tanderun lantarki mai zafin kusan digiri 2,000. Abin da ya fito tsarkinsa kashi 98 ne ko 99, kuma wannan bai isa ba ko kusa. Sai a mayar da shi iskar gas, a tace, a sake tara shi a kan sanduna masu zafin kusan digiri 1,100, har tsarkinsa ya kai 99.9999 ko fiye. Sannan a sake narkar da shi, a digiri 1,414 yake narkewa, a tsoma ɗan iri a ciki a riƙa jan sa sama sannu a hankali yana juyawa, har a samu doguwar sanda mai tsari guda. Wani masani ɗan ƙasar Folan, Jan Czochralski, shi ya gano wannan dabarar a 1916. Daga nan a yanka sandar falle-falle da waya mai ƙurar lu'ulu'u, kowane falle kaurinsa wajen maikromita 150, wani kaso na silikon ɗin kuma ya tafi a garin yanka.

Dole fallen ya yi wannan kauri, domin silikon ba ya shan haske da sauri. Kuma masana'antar da za ta yi duk wannan aiki tana cin jari mai ɗimbin yawa da wutar lantarki da ba ta ɗaukewa. Shi ya sa aikin ya tattara a wuri ɗaya: hukumar makamashi ta duniya ta nuna a 2022 cewa ƙasar Sin ce ke riƙe da fiye da kashi 80 na kowane mataki na ƙera farantin sola.

Akwai kuma iyaka da ba ta da alaƙa da kuɗi. Kowane irin abu yana da mafi ƙarancin ƙarfin da ƙunshin haske zai zo da shi kafin ya iya tunkuɗe elektron. Wanda bai kai ba ya wuce a banza. Wanda ya zarce, rarar ta zama zafi. A 1961 William Shockley da Hans Queisser suka lissafa cewa sel mai haɗi guda yana da iyakar da ba zai wuce ba, ko da wane abu aka yi shi, kuma lissafin yau ya sa ta a kusan kashi 33. Na silikon iyakarsa wajen 29 ce. Daga nan tambayoyi biyu suka taso: za a iya yin sel da kaya kaɗan da wuta kaɗan? Za a iya tsallake wannan iyaka? Masu binciken nano waɗannan tambayoyin suke bi.

Nano ya riga ya shiga farantin da kuka sani

Mutane da yawa na ɗauka wannan fasaha ta gobe ce. Ba haka ba ne. Tsirarar silikon yana mayar da fiye da kashi 30 na hasken da ya faɗa masa, kamar yadda duk abu mai sheƙi ke yi. Shimfiɗar nan mai nanomita 80 da muka fara da ita, ta silikon naitaraid, ita ke hana wannan asara. An zaɓi kaurinta ne bisa la'akari da tsawon igiyar haske, wanda ga hasken da ido ke gani yake tsakanin nanomita 400 da 700, ta yadda hasken da zai koma zai kashe kansa da kansa. Ɗan shuɗin da ya tsere shi ne muke gani.

A 2013 cibiyar Fraunhofer da ke Freiburg a Jamus ta fito da wani tsari da ake kira TOPCon. A bayan sel ake shimfiɗa silikon oksaid mai kaurin nanomita 1 zuwa 2 kacal, abin da bai wuce jerin ƙwayoyin zarra 'yan kaɗan ba. Siririyar shimfiɗar tana barin elektron ya ratsa, amma tana toshe raunukan da ke fuskar silikon, inda a da elektron ke faɗawa ya salwanta. In ta yi kauri da nanomita ɗaya ko biyu, wuta ba za ta wuce ba. In ta yi ƙasa da haka, ba ta toshe komai. Yau wannan tsari shi ya mamaye sababbin masana'antu, kuma za ku ga sunansa a jikin takardar da ke manne a bayan faranti da yawa a kasuwa.

Sel mai rini

A 1991 Brian O'Regan da Michael Grätzel, na makarantar fasaha ta Lozan a ƙasar Suwizalan, suka wallafa wani aiki da ya kauce wa silikon ɗungurungum. Tunaninsu ya ɗauko ne daga ganyen tsiro, inda launi ke kama haske, wani abu dabam kuma ya kwashi elektron. Kafin su, wasu sun gwada shafa rini a kan falle mai santsi, amma abin da suka samu bai kai kashi ɗaya ba. Dalili kuwa, ƙwayoyin rinin da suka taɓa fallen kai tsaye su kaɗai ke iya miƙa elektron, kuma jeri ɗaya na rini ba ya shan wani hasken kirki. In aka ƙara rini a kai, na saman ba ya aiki.

A nan lissafinmu na murabba'in mita 600 ya shigo. Maimakon falle mai santsi, sai suka yi amfani da garin titaniyom oksaid, farin garin nan da ake sa wa a fenti da man goge baki, amma wanda ƙwayoyinsa ba su wuce nanomita 20 ba. Ga yadda ake yi. Ana samun gilashi da aka yi wa wata shimfiɗa da lantarki ke bi amma haske na ratsa ta. A kwaɓa garin ya zama kamar kunu mai kauri, a shafa a kan gilashin da kaurin maikromita 10 ko kusa da haka. A gasa a zafin digiri 450 na kimanin rabin awa. Gashin ba ya narkar da ƙwayoyin, yana sa su manne da juna ne kawai a inda suka taɓa, ya bar ramuka birjik a tsakaninsu. Fuskar da ke cikin wannan shimfiɗa ta ninka faɗin gilashin kusan sau dubu. Sai a tsoma shi cikin rini ya kwana. Rinin ya bi ramukan ya lulluɓe kowace ƙwaya da jeri ɗaya tak, amma da yake ƙwayoyin sun hau kan juna ɗaruruwa, hasken da ya shiga sai ya ratsa rini sau ɗaruruwa kafin ya fita. Daga nan a kawo gilashi na biyu da aka shafa wa filatinom ko baƙin kabon, a haɗa su fuska da fuska, a ɗura ruwan aidin a tsakani, a liƙe gefe.

Aikin ya rabu uku. Rini ya sha haske ya miƙa elektron ga farin garin. Farin garin ya kai shi ga gilashi, ya bi waya. Ruwan aidin kuma ya ɗauko elektron daga gilashi na biyu ya mayar wa rinin abin da ya rasa. Sel ɗin farko ya ba da kashi 7, kuma a wancan lokaci wannan babban labari ne, domin babu tanderun digiri 2,000, babu tsarki mai tara shida.

Rinin da suka yi amfani da shi yana ɗauke da ruteniyom, ƙarfe mai tsada da wuyar samu. Amma jan launin da ke cikin wasu furanni da ganyaye da 'ya'yan itace ma yana kama jikin farin garin. Zoɓo na cikinsu, haka ma lalle, kuma masu bincike a jami'o'in Najeriya da wasu ƙasashe sun yi gwaje-gwaje masu yawa da su. Sel ɗin zoɓo yana motsa allurar mitar auna bolt, yakan ba da kusan rabin bolt a rana, sai dai ingancinsa galibi bai kai kashi ɗaya ba, kuma rana kan kashe launin cikin ɗan lokaci. Ba zai haska gida ba. Amfaninsa shi ne ɗalibi ya haɗa sel da hannunsa ya ga allura ta motsa, kuma a ganina wannan ba ƙaramin amfani ba ne.

Bayan shekara talatin da ɗoriya, mafi kyawun sel mai rini bai wuce kashi 13 zuwa 15 a ɗakin gwaji ba, ga shi ruwan da ke cikinsa yana iya tsiyaya ko ya bushe. Inda ya fi silikon shi ne a haske mai rauni, kamar na cikin ɗaki. Kamfanin Exeger da ke Istokholm a Suwidin yana buga irinsa a jikin na'urar sauraro ta kunne, domin ta riƙa cajin kanta. A Lozan kuma, a 2014, an yi wa bangon wani babban zauren taro ado da gilasai masu launi-launi na irin wannan sel.

Ferobskait

Mafi girman abin da sel mai rini ya haifar ba shi kansa ba ne. A 2009 Tsutomu Miyasaka na jami'ar Toin da ke Yokohama a Japan, da abokan aikinsa, suka cire rinin suka sa wani sinadari a madadinsa, wanda aka haɗa da dalma da aidin da wani ɗan sinadari mai kabon. Tsarin ƙwayoyinsa irin na wani dutse ne da aka gano a duwatsun Ural na Rasha a 1839, aka sa masa suna ferobskait don girmama Lev Perovski. Ingancin da suka samu 3.8 ne, kuma ruwan aidin ya narkar da sinadarin cikin 'yan mintoci. Mutane kaɗan ne suka kula.

A 2012 abin ya juya. Nam-Gyu Park na Koriya ta Kudu, tare da Grätzel, suka maye gurbin ruwan da abu mai ƙarfi, suka samu 9.7. A shekarar kuma Henry Snaith na jami'ar Oksfod ya cire farin garin ya sa na alminiyom oksaid, wanda ba ya karɓar elektron sam, amma sel ɗin ya ba da 10.9. Ma'anar wannan ita ce ferobskait ba rini ba ne kawai, shi da kansa yana kai elektron inda ake so. Daga nan bincike ya ɓarke a duniya. Yau ƙananan sel na ferobskait sun wuce kashi 26. Tafiyar da ta ɗauki silikon kusan shekara sittin, shi ya yi ta cikin shekara goma sha biyar.

Abin da ya ja hankalin masu masana'antu shi ne hanyar ƙera shi. Ferobskait yana shan haske da ƙarfi ƙwarai, don haka shimfiɗa mai nanomita 500 ta wadatar, wato ta fi fallen silikon siranta sau 300. Ana narkar da sinadaransa su zama tawada. A ɗakin gwaji, ana ɗiga tawadar a kan gilashi a juya shi da gudu, sau dubbai a minti, ta bazu ta yi siririya. A masana'anta kuwa ana zuba ta ne ta wani siririn baki yayin da gilashi ko leda ke wucewa a ƙasa, ko a buga ta kamar yadda na'ura ke buga takarda. Sai a ɗumama a digiri 100 zuwa 150, tawadar ta bushe ta rikiɗe daga rawaya zuwa baƙi. Sama da ƙasanta akwai wasu shimfiɗu masu 'yan nanomita, ɗaya na karɓar elektron, ɗaya na karɓar gurbin da ya bari. Olga Malinkiewicz ta Folan, tare da wasu, ta kafa kamfanin Saule, wanda a 2021 ya buɗe masana'antar buga irin wannan sel a kan leda mai lanƙwasuwa a birnin Wrocław.

Kada a ɗauka abin da sauƙi. Yin murabba'in da bai kai farce ba dabam yake da yin mita guda. Tawadar na bushewa cikin daƙiƙoƙi, kuma rami ɗaya da ido ba ya gani ya isa ya haɗa sama da ƙasa, wutar ta zurare. Shi ya sa alƙaluman da jaridu ke bugawa kusan kullum na ƙananan sel ne, manyan faranti kuwa suna baya.

Ferobskait yana da wata baiwa kuma. In aka rage aidin aka ƙara boromin, sai a canza irin hasken da yake sha. Da wannan aka samu hanyar tsallake iyakar Shockley da Queisser: a ɗora shi a kan silikon, hawa biyu. Na sama ya sha shuɗi da kore masu ƙarfi, ya bar ja da abin da ke ƙasa da ja su wuce ga silikon. Kamfanin LONGi na ƙasar Sin ya kai kashi 33.9 da wannan a 2023, sannan 34.6 a 2024. A watan Satumba na 2024 kamfanin Oxford PV, wanda Snaith na cikin waɗanda suka kafa shi, ya sayar da farantansa na farko masu hawa biyu daga masana'antarsa ta Brandenburg a Jamus, masu inganci 24.5.

Ɗigon kwantam

Mun yi alkawarin komawa kan abin da ke canza launi in ya ƙanƙance. Ƙwayar da ba ta wuce nanomita 2 zuwa 10 ba, wadda ake kira ɗigon kwantam, tana matse elektron ɗin da ke cikinta, kuma matsin yana ƙara ƙarfin da haske ke bukata kafin ya motsa shi. Sakamakon haka sinadari ɗaya zai ba da shuɗi in ƙwayar ƙarama ce, ja in ta ɗan fi girma. Alexei Ekimov ya ga haka a cikin gilashi a Tarayyar Sobiyet a farkon shekarun 1980, Louis Brus ya gan shi a cikin ruwa a 1983, Moungi Bawendi kuma ya gano yadda za a dafa su da girma ɗaya a 1993. Su ukun suka raba kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2023. A allon talabijin sun riga sun yi kasuwa. A sola kuwa har yanzu suna ɗakin gwaji, da inganci wajen kashi 18, domin elektron sai ya yi tsalle daga ɗigo zuwa ɗigo, kuma a kowane tsalle ana iya rasa shi.

Rana da ruwa da dalma

Yanzu mu dawo kan lissafin fuska, mu dube shi ta ɗaya gefen. Fuskar da ta buɗe wa haske ta buɗe wa laima da iska ma. Dunƙulen silikon abu ne mai haƙuri, galibin jikinsa a ɓoye yake, shi ya sa masu ƙera shi ke ba da garantin shekara 25. Shimfiɗa mai nanomita 500 kuwa ba ta da cikin da za ta ɓoye. Laima na mayar da baƙin ferobskait rawaya, ya daina aiki. Zafi na korar ɗan sinadarin kabon da ke cikinsa. Haske kansa na sa ƙwayoyin aidin su riƙa ƙaura daga mazauninsu. An samu ci gaba sosai ta hanyar canza sinadarai, kamar sa siziyom, da liƙe sel tsakanin gilashi biyu. Akwai gwajin da duk faranti ke bi: awa 1,000 a zafin digiri 85 da laima kashi 85, sannan a kai shi daga sanyin digiri 40 ƙasa da sifiri zuwa zafin 85 har sau 200. Wasu farantan ferobskait sun ci wannan gwaji. Amma an tsara gwajin ne bisa cututtukan silikon, kuma babu farantin ferobskait da ya taɓa yin shekara 25 a kan rufi, tunda shi kansa bai kai waɗannan shekaru ba.

Wannan batu ya shafe mu fiye da mutanen Jamus. Ingancin da ake rubutawa a bayan faranti an auna shi ne a digiri 25. A Sakkwato ko Yamai, a watan Afrilu, iska kanta na wuce digiri 40, farantin da ke kan kwano kuwa ya kai 65 ko 70. Silikon na rasa kusan kashi 0.3 zuwa 0.4 na ƙarfinsa a kowane digiri da ya ƙaru, amma in ya huce sai ya dawo. Tambayar da ba a gama amsawa ba ita ce ko sababbin kayan za su jure irin wannan zafi kullum, ga ƙurar hunturu, ga laimar damina. Ba sai an mallaki masana'anta ake amsa ta ba. Rufi da mita da littafin rubuta sakamako da haƙurin shekaru sun isa, kuma cibiyoyi irin ta binciken makamashi da ke jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato suna zaune a daidai wurin da ya kamata a yi wannan aiki.

Sai maganar dalma. Abin da ke cikin murabba'in mita ɗaya na ferobskait bai kai giram ɗaya ba, batirin mota ɗaya kuwa yana ɗauke da kilo da yawa. Masu kare fasahar sukan kawo wannan hujja, kuma gaskiya ce. Sai dai dalmar ferobskait irin wadda ke narkewa a ruwa ce. In faranti ya fashe ruwan sama ya same shi, za ta bi ruwan. Mu ba baƙin wannan guba ba ne. A 2010, a ƙauyukan Zamfara, ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400, wasu da dama kuma ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Ƙasar da ba ta da tsarin tattara matattun faranti, inda yara ke wasa a bola, bai kamata ta ɗauki giram ɗaya abin wasa ba. An gwada sa kuza a madadin dalma, amma iska na ɓata shi da sauri, ingancinsa kuma bai kamo ba.

Saboda haka, mai son sa sola a gidansa ko shagonsa yau, silikon zai saya, kuma in mai kaya ya ce masa wannan na nano ne don ya ƙara kuɗi, ya juya farantin ya karanta takardar baya: wane kamfani, wat nawa, inganci nawa, garantin shekara nawa, kuma wa zai nema in ya lalace.

Aikin aji

Malami ya samo ƙaramin farantin sola da mitar auna bolt. A ajiye farantin a inuwa har ya yi sanyi, sannan a fito da shi rana a auna nan take a rubuta. A bar shi rabin awa a sake aunawa. Kowane rukuni ya bayyana dalilin bambancin da ya gani.

Ku lissafa jimillar fuskar dunƙule mai santimita ɗaya idan aka yanka shi zuwa ƙwayoyi masu milimita ɗaya. Ku kwatanta da abin da muka samu a nanomita 10.

Ku bayyana da kalmominku dalilin da ya sa ake gasa farin garin a digiri 450 ba tare da an bari ya narke ba. Me zai faru da rinin in ya narke ya zama falle mai santsi?

An kawo muku faranti biyu masu girma ɗaya. Na farko ingancinsa 21, yana yin shekara 25. Na biyu ingancinsa 26, kuɗinsa rabin na farko, amma shekara 8 yake yi. Ku tattauna wanda za ku saya wa famfon rijiyar burtsatse ta unguwarku, ku sa kuɗin mai haɗawa da na ɗauko kaya a cikin lissafin.